Oksitetrasaiklin da Ragon Baba Malam

Kun tashi kuna jin ana cewa ni ce na hana kakanku yanka ragon layyarsa na ƙarshe. Wasu sun faɗa muku a gabana cikin wasa, wasu a bayan idona ba cikin wasa ba. Ban taɓa musawa ba, yau ma ba zan musa ba, domin haka aka yi. Abin da ba a gaya muku ba shi ne yadda aka kai ga haka, tunda masu ba da labarin daga wuƙa suke farawa, ni kuwa nawa daga wata kalma ya fara, wadda na yi mako uku ina kokawa da ita kafin ta yarda ta zauna a bakina. Kakanku bai ga wata babbar Sallah ba bayan wannan, yayan babanku kuma ya yi shekara goma sha ɗaya bai amsa gaisuwata ba. Ina so ku ji daga gare ni tun hannuna na iya riƙe alƙalami.

Ranar da aka kai ni gidan kakanku Baba Malam a Zangon Kumasi, mahaifiyata ba ta da abin cika ɗaki da kwanuka kamar yadda ake yi wa 'ya'yan masu hali. Tunkiya fara ta jawo da igiya har ƙofar gida ta miƙa mini, ta ce ita ce kwanona, ita ce akwatina. Na kuwa riƙe ta da gaske. Babanku ya haɗa mini keji a bayan madafa da ragowar katakon da yake kwasowa daga wurin aikinsa na kafinta a Anloga, ni kuma kullum da hantsi ina zagaya gidajen masu dakan fufu ina kwasar ɓawon rogo da na ayaba, in biya ta injin niƙa in karɓi dusa. Kafin in haifi na ukunku tumakina sun kai tara. Mma, kakarku, takan ce na fi sanin tarin tunkiya da na yaro, kuma ban ce ƙarya ta yi mini ba.

A lokacin duk unguwarmu babu mai kiwon da ya san sunan maganin dabba ko ɗaya. Da launi muke saye. Akwai fari, akwai mai ruwan zuma, akwai wani baƙi-baƙi mai wari da ake ɗurawa a baki. Wani mutum da muke kira Mai-jaka ne yake yawo da su lungu-lungu a cikin kwalaben da aka shanye abin cikinsu, ba takarda ba rubutu, kuma allura guda yake tsira wa dabbar kowane gida. In dabba ta tashi, Mai-jaka gwani ne. In ta mutu, kwananta ne ya ƙare. Ba zaginsa nake ba, iyakar saninsa ke nan, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Amma a daminar shekarar da nake ba ku labari, da ruwa ya ƙi ɗaukewa kejina ya jiƙe, tari da majina suka shiga tumakina. Sau uku yana zuwa yana tsira musu mai ruwan zuma, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Cikin kwana goma sha biyu na fitar da mushe takwas. Guda ce ta miƙe da kanta, jikar waccan da mahaifiyata ta ba ni, wadda nake kira 'Yar Fara. Na yi kuka a bayan madafa har Mma ta zo ta ce in ji tsoron Allah, ba mutum ne ya mutu ba. Na share ido, amma ba haƙura na yi ba, fushi ne ya kori kukan. Na rantse wa kaina ba za a ƙara tsira wa dabbata abin da ban san sunansa ba.

Mai sayar mini da dusa ce ta yi mini kwatancen wani shagon maganin dabbobi a Kwadaso. Na ɗauki kwalbar Mai-jaka da ɗan abin da ya rage a ciki, na hau toro-toro biyu, motocin hayarmu, na je. Mai shagon wata 'yar Asante ce gajera mai tabarau, Anti Akosuwa, ta yi shekaru tana aikin duba dabbobi a arewa, can ta tsinci Hausarta, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Na ɗora kwalbar a teburinta na ce mai ruwan zuma nake so, amma na gaske. Ta ɗaga ta a haske, ta shinshina, sannan ta juya ta sauko da kwalabe biyar ta jera a gabana.

"Maame, wane kana so? Wannan na ciki, wannan na jini, wannan na tari. Duka ruwan zuma. Wanda ka kawo kuma, rabi ruwan pampo ne."

Na ce to ta ba ni na tarin in ajiye a gida.

"Dabi, a'a. Ni ba na sayar da kala. Ka fada suna, na ba ka. Gobe ka je wani shago, ni ba na nan, za ka ce mene? Ruwan zuma?"

Raina ya ɓaci, don na ga kamar ta raina ni ne saboda mayafina da rashin Turancina. Na ce ta faɗi sunan in ji. Ta faɗa, na ji kamar an watsa tsakuwa a kwano. Na ce ta sake. Sai ta ɗaga hannu tana lanƙwasa yatsa ɗaya-ɗaya: ok, si, tet, ra, sai, klin. Gaɓa shida. Na maimaita ina ƙirgawa da nawa yatsun, sai suka fito takwas: ok, si, te, ti, ra, sai, ki, lin. Bakin Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu su yi karo, sai ya cusa musu wasali a tsakani ya raba su. Ta girgiza kai.

"Shida, maame. Ka je ka koya. Ranar da ka fada shida, ni zan koya maka allura da hannuna, ba ka biya komai."

Gaskiyar magana ko da takwas ɗin na je wani shago za a gane ni. Na san haka, ita ma ta sani. Taurin kai ne kawai ya gamu da taurin kai. Na ari bironta na rubuta abin da kunnena ya kama da ajami a bayan wani kwali, don ajami kaɗai na iya a lokacin, bokon nan da kuke gani sai daga baya na shiga makarantar manya. Na fito ban yi mata sallama ba.

A gida na rasa inda zan rubuta shi da girma yadda zan riƙa gani ina aiki. Alluna cike da gidan, amma ba zan sa sunan maganin tunkiya a allon da ake rubuta Alƙur'ani ba. Babanku ya yi ta dariya, kashegari kuma sai ga shi da guntun katako ya goge shi sumul, har da ɗan kai kamar na allo don tsokana. Na rubuta na jingine shi a bakin madafa. Ina daka ina faɗa, ina wanke-wanke ina faɗa, ina tuƙa tuwo ina faɗa. Mma ta riƙa gaya wa baƙi cewa Amarya ta kama sabon wuridi, ba a san shehinta ba. Da yara uku a lokacin, amma Amarya take kirana har ta bar duniya. Mako biyu ina nan a takwas. In na matsa na jefar da guda, sai wata ta tsiro a wani wurin.

Wata safiya bayan an tashi makaranta, Baba Malam ya shigo zai wuce ɗakin Mma, ya tsaya a gaban katakon. Idonsa ya yi rauni, amma rubutun manya-manya ne. Na durƙusa ina jiran faɗa.

"'Yar nan, wace sura ce wannan? Na sauke Alƙur'ani ba sau ɗaya ba, ban gamu da ita ba."

Na gaya masa komai, tun daga tumakin har matar Kwadaso da yatsunta shida. Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna, ya ce in karanta. Na karanta.

"Ai ba bakinki ne da laifi ba, hannunki ne. Kin ba ta'i wasalin ƙasa, kin ba kafi wasalin ƙasa. Abin da ido ya nuna wa harshe shi yake bi. Kawo tawada."

Ya jiƙa babban yatsa ya goge wasulan biyu, ya ɗora ɗauri a kan kowanne. Da ya zo ƙarshen kalmar sai ya dakata yana kallo, ya ce a Larabci ɗauri biyu ba sa zama kusa da juna, ga shi nan ya'i da kafi duk a ɗaure. Ya yi ɗan murmushi ya ce to ba Larabci ba ne, kowane gida da irin zamansa, a yi wa masu abu yadda suke so. Sannan ya karanta a hankali, yadda yake biya wa ɗalibi, ya tsaya cak a kan kowane ɗauri. Shida suka fito, daga bakin tsohon da bai taɓa furta kalmar Turanci ba in ban da lori da soja. Ya ce in biyo shi. Ya biya mini sau bakwai, ya tashi ya yi tafiyarsa. Ranar na ji son tsohon nan har cikin raina.

Bayan mako guda na koma Kwadaso. Ban gaishe ta ba ma, na tsaya a bakin tebur na ce, "Oksitetrasaiklin." Ta cire tabarau ta dube ni, ta buga tebur ta ce yoo, wato madalla. Ta kuwa cika alkawari. Asabar huɗu ina zuwa. Ta koya mini auna ƙirjin dabba da igiya in kimanta nauyinta, da yawan abin da zan zuƙa, da dafa allura, da inda ake tsirawa a cikin tsoka. A ta ƙarshen ta juya kwalbar ta ɗora farce a kan wata lamba.

"Ka ji wannan da kyau paa. In ka yi allura, ba yanka, ba shan nono, sai wannan kwana ya cika. Kusan wata guda. Magani yana zaune cikin nama. Wanda ya san suna bai san wannan ba, gara bai san komai."

Na ce na ji. Daga nan aka fara kirana gidaje. Akuyar wance, ragon wane, ina zuwa da 'yar kwalbata da tukunyar dafa allura. Kaina ya ɗan yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Saura kwana goma sha biyu babbar Sallah, Yaya Alhaji, yayan babanku, mai sayar da kayan mota a Suame Magazine, ya sauke wa Baba Malam rago daga arewa. Ban taɓa ganin irinsa ba, tsayinsa ya kai maraƙi, ƙahonsa ya murɗe sau biyu. Mutane har daga wasu unguwanni suke zuwa kallo, shi kuma yana tsaye a gefe yana cewa ai ba komai. Ku sani, layyar Baba Malam ba irin ta kowa ba ce. Naman ba na gida ba ne. Don tabarraki ake nemansa, kuma waɗanda ake nema wa su ne masu ciki, da masu jego, da marasa lafiya, da yaran da ba su da ƙwari. Mace sai ta bar naman gidanta tuli ta zo da ɗan kwano ta karɓi tsoka biyu ta Malam. Ni nake rabon, don haka na san kowane kwano da mai shi.

Kwana biyu da zuwansa ragon ya kwanta. Wahalar mota da sanyin Kumasi suka haɗu masa, jiki ya yi zafi, yana numfashi da kyar, majina na zuba. Yaya Alhaji ya zo a rikice ya tsaya a bakin kejin.

"Matar ƙanina, an ce ke ce likitar Zango yanzu. Ga aiki ya same ki a gida."

Na ce zan yi, amma in na yi masa allurar nan ba zai yanku da Sallah ba, kwanakin ba za su cika ba. Na faɗa, Allah shaida ne. Sai dai da irin muryar da ake faɗin abin da ba a so a ji na faɗa, kaina a sunkuye, hannuna ya riga ya kai ga kwalba.

"Ke dai yi, shi tashi tukuna. Sauran magana ce."

Na yi. Nan ne laifina, kuma abin da ya sa na yi shi ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da na ajiye kwalbar na ce a kira Baba Malam a faɗa a gabansa, da an sami kwana goma na neman wani ragon. Amma ina so a ga hannuna. Aka kuwa gani. Kwana uku ragon ya miƙe yana tunkurin bango, Yaya Alhaji ya aiko mini da turmin atamfa, Mma ta daina zancen wuridi. Kowa na murna, ni ina ƙirga kwanaki, kuma ko ta ina na ƙirgo ba sa kaiwa.

Saura kwana huɗu na koma Kwadaso, ba don komai ba sai ko akwai wata ƙofa. Na tambaye ta in an yanke wurin allurar an yar fa, in an soya sosai fa, in an shanya fa. Ta bar ni na gama.

"Maame, ba zan yi maka karya ba. Mutum ba zai ci ya fadi ya mutu ba. Babba mai karfi, watakila ba ya jin komai koraa. Amma mai ciki, da mai ba yaro nono, da karamin yaro, ni ba na ba su. Kuma in ana ci haka ana ci haka, ranar da mutum ya kwanta asibiti, magani ba ya kama shi. Wa zai ci wannan nama?"

Da ta ce mini kisa yake yi nan take, da abin ya zo mini da sauƙi. Amma ta nuna mini in na yi shiru babu wanda zai taɓa sani, kuma a toro-toro har gida kwanukan nan nake gani ɗaya-ɗaya. Da gari ya waye na gaya wa babanku yana shirin fita aiki. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce in rufa masa asiri, shekara nawa ana tsira wa raguna allura ana yankawa, wa ya mutu, kuma na san halin yayansa. Na ce shekarun nan ban sani ba ne, yanzu na sani. Ya ce to shi ba ya ciki. Na ce ban ce ka shiga ba, ka dai san zan faɗa. Mutumin kirki ne babanku, amma a gaban yayansa ba shi da baki, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba.

Kashegari da hantsi Yaya Alhaji yana zaure tare da Baba Malam. Matan gidan ba sa shiga zaure in maza na zaune, don haka na durƙusa a bakin ƙofa ta ciki na yi sallama. Wannan karon na ɗaga murya yadda ko Mma da ke tsakar gida ta ji. Na ce ragon nan bai kamata a yanka shi jibi ba, akwai magani a namansa, kuma ni na sa masa. Yaya Alhaji ya yi wata dariya marar daɗi.

"Baba, ka ji ko? Kalma ɗaya ta Turanci ta haddace, shi ke nan ta zama gwamnati. Rago shina ci shina sha, shina tunkuri, wane malami ne ya ce bai halatta ba? Ni na san abin da na sha kafin in kawo shi garin nan. Ba zan sayi wani ba koraa, kuma ba za a kunyata ni a gaban Zango ba."

Baba Malam bai dube shi ba. Ya juyo wajen ƙofa.

"'Yar nan, maganin nan shi ne wanda muka sa wa ɗauri?"

Na ce shi ne.

"Wadda ta ba ki sunan, ita ce ta ba ki kwanakin?"

Na ce ita ce.

"Kin faɗa kafin ki tsira?"

Na ce na faɗa wa Yaya Alhaji, amma ban faɗa da ƙarfi ba, kuma ban zo na faɗa masa shi ba, laifina ne. Ya ci gaba da jan carbi har na ɗauka ya manta da ni. Can ya ce, "Na ji. Tashi ki je." Iyakar abin da ya ce ke nan. Kwana biyu gidan ya zama kamar an yi rasuwa. Mma ta zo wucewa ta ce wa bango wai tsoho da ƙafa ɗaya a kabari za a hana shi layya. Yaya Alhaji ya aiko aka karɓe atamfarsa. Babanku ya zagaya kasuwar dabbobi ya dawo hannu biyu, don ana jibi Sallah ko ɗan akuya ya fi ƙarfin kafinta. Ni kuwa na san amsar tun a zaure, ƙin kallonta kawai nake yi. Tunkiya ma tana layya. 'Yar Fara ta shekara biyu, lafiyarta ƙalau, ba ta da ciki, kuma allura ba ta taɓa jikinta ba tun damina. Ita ce kuma abin da ya rage mini daga hannun mahaifiyata, wadda a lokacin ta shekara biyar a ƙasa.

Ranar Sallah da maza suka tafi Idi, na wanke ta da sabulu, na ba ta dusa da kanwa ta ci ta ƙoshi. Na jawo ta ƙofar gida na ɗaure ta a turke kusa da ragon. A gefensa sai ta koma kamar 'yar kyanwa. Ban tambayi kowa ba, ban kuma san me tsohon zai yi ba. Na koma soro na tsaya a bayan ƙyaure inda nake hango waje.

Suka dawo da jama'a a bayansu ana kabbara. Yaya Alhaji ya ga tunkiyar ya ce wa ya ɗaure wannan abin a nan, a kwance ta. Baba Malam ya ɗaga hannu. Ya karɓi wuƙa, ya tako a hankali yana dogara sanda, ya tsaya a gaban ragon ya shafa wuyansa, ya daɗe yana shafawa. Na ga yana son ragon nan, kowa ma ya gani. Sannan ya ce da murya wadda ta isa kowa:

"Wanda ka ɗauki karatu a bakinsa, ba ka karɓar farkon ka bar ƙarshen. Ragon ɗana ya karɓu a wurina, Allah shi yi masa albarka. Amma naman nan ba ni zan ci ba. Ku kayar mini da tunkiyar."

Babanku ne ya fito daga cikin mutane ya kama ƙafafunta, bai dubi yayansa ba. Baba Malam ya durƙusa da kyar ya yi bisimilla da kabbara, ya roƙi Allah ya karɓa daga gare shi da iyalinsa, sannan ya ƙara da cewa, "da Hajara." Shekara tara ina gidan ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, har na ɗauka bai riƙe shi ba. Na toshe baki da mayafi. Ban kalli wuƙar ba. Kafin a gama fiɗa Yaya Alhaji ya sa an ɗora ragonsa a bayan mota ya tafi, bai shigo gaida Mma ba.

Da azahar na zauna rabo kamar kowace shekara. Kwanuka sun zo yadda suka saba, har sun fi, don duk wanda ya ga ragon ya sa rai. Na riƙa yanka tsoka kamar babban yatsa don ta kai ga kowa, idona na zuba ina cewa hayaƙi ne. Ko ƙanƙani ban kai bakina ba. Ta ƙarshe wata maƙwabciyarmu ce mai jego, kwananta ashirin da haihuwa, ta zo da jaririn a baya. Ba ta ji abin da ya faru ba, ko ta ji ta yi kamar ba ta ji ba. Ta leƙa kwanon ta taɓe baki.

"Maman yara, bana naman Malam ya yi kaɗan paa."

Na ce, "Kaɗan ne. Ki je ki dafa ki cinye duka, ki ba ɗanki nono hankalinki kwance."